Inna, Na Yi Rashin Kunya a Kan Takwararki

Zuwa ga mahaifiyata, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, Ya yalwata miki shi, Ya haskaka shi. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, addu'a ce kawai ke isa. To amma wata magana ce ta tokare ni a ƙirji, kuma na duba duk duniya ban ga wanda ya kamata ya ji ta ba sai ke. Na san matan guruf ɗinmu na waya za su karanta, sai su yi haƙuri da rubutuna, yadda nake magana haka nake dannawa.

Mu dai lafiya lau muke. An yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai, gyaɗa ma bana ba laifi. Gonar Baba tana nan, sai dai gidajen bulo sun matso ta ta ɓangaren Ungogo, har ana jiyo kiran sallarsu daga bakin kunya.

Takwararki ta girma Inna. Wadda kika bari tana rarrafe tana cusa ƙasa a baki, yanzu ta fi ni tsawo, tana babbar sakandare. Ummi kowa ke ce mata saboda sunanki da ta ci. Ni kuwa kin sani, ko Ummin ba na iya faɗa a gaban mutane tunda 'yar fari ce. Sai dai in kira ta da ke, ko in ce yarinyar nan. A kanta maganar take.

Abin daga wani littafi ya faro. Ba irin na takarda da muke karɓowa haya a da ba, wannan a waya yake zuwa. Wata baiwar Allah ce ke rubutawa tana sakowa kaɗan-kaɗan, in an gama littafi na ɗaya a shiga na biyu, haka haka. Labarin baƙaƙen aljanu ne, amma ba na daji ba, na birni. Wai an sare musu tsamiyoyi da kukoki an yanka filaye, shi ne suka rasa matsuguni suka shige cikin gari. Wasu suna ƙarƙashin gada, wasu a kangon benen da mai shi ya mutu bai ƙarasa ba. Akwai wanda adaidaita yake ja. In kika hau ba ya karɓar kuɗin mota, sai dai ya ɗauke miki wani abu da ba za ki gane kin rasa ba sai an kwana biyu, kamar sunan ƙawarki ta yarinta, ko ɗanɗanon miyar uwarki. Ranar da aka karanta mini wajen nan sai da na ajiye ludayi na zauna ina tuno miyar kukarki, in tabbatar tana nan a bakina.

Akwai kuma wani tsohonsu da ya ƙi tashi daga inda tsamiyarsa take, har aka gina shago a kansa yana nan. Mugu ne Inna, ba ƙaramin mugu ba. Amma in ya fara ba da labarin yadda wajen yake a da, da rijiyar da aka cike, da hanyar shanun da aka toshe, sai ki ji kamar Baba ne ke magana a ƙofar gida. Shi ya sa na kasa tsanarsa gaba ɗaya.

Ni ban ce aljanu abin wasa ba ne. Suna nan, Alƙur'ani ya faɗa. Har gobe ba na zubar da ruwan zafi ban yi bismillah ba, yadda kika koya mini. Amma wannan ƙagen labari ne, ɗan'uwan tatsuniya, mai rubutun ma da kanta takan faɗa. Abin da ya riƙe ni a ciki shi ne tambayar da yake sa ni yi. Wanda aka raba da gidansa ba a tambaye shi ba, in ya zama mugu, laifin duk nasa ne? Ban samu amsa ba har yanzu.

Karatuna kin san yadda yake, kafin in haɗa layi ɗaya mai ya ƙone a kasko. Shi ya sa takwararki ke karanta mini ina suyar ƙuli-ƙuli. Kuma Inna, ashe ba suna kawai ta ci ba. Kin tuna yadda kike mana tatsuniya, muryar kura daban, ta zomo daban, ta tsohuwa mai goro a baki daban? Wallahi haka take. Ba ta san ki ba, ba ta taɓa jin tatsuniyarki ba, amma in ta shaƙe murya ta yi tsohon aljanin nan sai tsigar jikina ta tashi. In ta koma muryar yarinyar da ke sayar da abinci a bakin tasha, wadda ita kaɗai ke ganinsu, sai ki rantse wata ce ta shigo gidan.

Da karatun makaranta ya yi mata yawa, sai ta ce bari ta riƙa ɗaukar muryarta a waya, in na samu sarari in saurara. Tsakar gida ba ta ɗaukuwa, ga awaki ga injin niƙan maƙwabta. Shi ne take shiga ɗakin da muke ajiye buhunan wake ta turo ƙofa.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne. Iya, surukata, ta zo ɗibar dusa za ta ba tumakinta. Tana isa bakin ƙofa ta jiyo muryar ƙaton namiji a ciki yana cewa, ba inda za ni, tun kafin a haifi kakan kakanku ina nan. Ta banko ƙofa. Ba kowa sai jikarta a kan buhu, ta ɗaga hannu sama, ta murtuke fuska. Yarinya ta firgita ta ƙwalla ƙara, waya ta sulale tsakanin buhuna. Iya ba ta ga waya ba. Abin da ta gani ta gani, abin da ta ji ta ji.

Kafin magariba an turnuƙe mana gida da hayaƙin korar aljanu.

Kada ki ga laifin Iya da yawa. Son yarinyar take, ita ta yaye ta, a ɗakinta take kwana. Kuma da ta zauna ta haɗa lissafinta, komai ya zauna mata daidai. A zangon da ya wuce 'yan mata sun yi ta faɗuwa a makarantarsu, ana cewa a kan tsohuwar kuka aka gina ajin. Ga yarinya tana tafe tana dariya ita kaɗai, Iya ba ta san akwai abin sauraro a kunnenta cikin hijabi ba. Ga ta ta rage cin tuwo. Iya ta ce a makaranta ta kwaso aljani, don haka makaranta ta ƙare, kuma ranar Asabar za a ɗauki mota a kai ta wajen wani mai ruƙiyya can gaban Minjibir.

Yarinya ta yi rantsuwa ta ce littafi take karantawa. Iya ta ce ai haka suke, shi ne yake magana da bakinta. Ta ɗauko wayar ta nuna, Iya ta ce ita ba ta karatun boko, ina ta san abin da ke ciki. Ta fashe da kuka, aka ce kun gani ko, hayaƙin ya fara ƙona shi. Duk abin da ta yi sai ya zama shaida a kanta. Daga ƙarshe ta yi shiru, shirun ma aka ce nasa ne.

Ruƙiyya ayoyin Allah ne, ba ita nake tsoro ba. Sunan nake tsoro. Kin san garinmu, gida na jikin gida, gona na jikin gona. In aka saka yarinya a mota aka ce wajen mai ruƙiyya za a kai ta, ko ta dawo garau sunanta mai aljanu har ta yi jika. Tun kafin Asabar ɗin ma uwar ƙawarta ta hana 'yarta biyo mata. Yara suna leƙowa ta katanga su ruga. Ga makarantar da take so kamar ranta.

Na sami maigidana, babansu, a ɗaki da ya dawo daga kasuwar Dawanau, na gaya masa gaskiyar magana, na ce ni ake karanta wa. Ya yarda da ni, na ga alama a fuskarsa. Amma kin san shi da maganar uwarsa. Ya ce to in lafiyarta ƙalau ai ruƙiyya ba ta kashe mutum. Na ce makarantar fa? Ya ce Iya ta riga ta yanke. Sai ya dube ni ya ce, ke yanzu da bakinki za ki je gaban Iya ki kare 'yar fari? In kin iya, ga hanya nan.

Ya san ba zan iya ba. Ni ma haka na sani.

Kwanakin nan ke na yi ta tunawa Inna. Na tuna ranar da Gwaggo ta zo ta ce za ta tafi da ni in taya ta raino, ina aji huɗu. Malaminmu har gida ya biyo ya ce a bar ni, ina da kai. Kina zaune kina tankaɗe. Na tsaya a bayan Gwaggo ina kallonki, ina jira ki ce wani abu. Ba ki ɗago ba. Kika ce, ai 'yarki ce, sai yadda kika yi da ita. Garin da ke cikin rariyar ya daɗe da ƙarewa, amma kina ta kaɗa ta.

A lokacin na ɗauka ba ki damu ba ne. Sai da na haihu na gane abin da rariyar nan take nufi.

Ba ƙorafi nake miki ba, Allah Ya sani. Haka kika taras, haka aka yi miki. Ni ce 'yar farinki, kuma kullum kina cewa ɗan fari na dangi ne, uwa aro aka ba ta. Kina cewa kunya ita ce adon 'ya mace, wadda ta yar da ita ko ta sa zinare tsirara take. Na riƙe maganar nan, da ita na zauna lafiya da mutanen gidan nan shekara da shekaru. Ko ciwo yarinyar nan take, sai dai in tura ƙanwarta ta dubo mini ita a ɗakin Iya.

Amma ranar Alhamis na fito da safe na gan ta zaune a bakin rumbu. Ƙannenta sun saka kayan makaranta sun wuce. Ita tana zaune da zanin gida, idonta ya yi ja saboda hayaƙi. Ta ɗago ta kalle ni. Na san kallon nan Inna, ni na taɓa yin sa.

Ranar ce mata suka taru taya mu tsigar gyaɗa. An baje ta a tsakar gida, kowa da kwandonta, Iya tana kan tabarma a tsakiya tana ba su labarin muryar da ta ji, ana ta salati ana Allah Ya raba. Ni ina gefe hannuna yana aiki, kunnena yana zafi. Wata ta ce Allah sarki, yarinya mai hankali, ashe da rabon haka za ta ƙare. Kalmar ƙarewar nan ce ta tashe ni. Ban san lokacin da na je gaban Iya na durƙusa ba.

Na ce Iya, ki gafarce ni, 'yata lafiyarta ƙalau.

'Yata na ce, Inna. A gaban surukata, a gaban matan unguwa. Tsakar gidan ta yi tsit, har wata ta rufe baki da gefen mayafi. Ni kaina sai da na ji kamar zanina ne ya kwance a kasuwa. Amma tunda na riga na tsoma ƙafa sai na ƙarasa. Na ce littafi ne, ni nake sa ta karanta mini, muryar kuma gado ta yi wajen uwata. Na ce in Iya ta yarda a gwada a nan, ido na ganin ido. In an gama ba ta gamsu ba, ni da kaina zan riƙe ta a mota.

Iya ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce a ba amaryar maƙwabta wayar, tunda ita ta yi boko kuma ba ruwanta da mu, ta karanta wajen da aka ce. Amarya ta laluba ta samo, ta karanta da 'yar siririyar muryarta, ba inda za ni, tun kafin a haifi kakan kakanku ina nan. Kalma ɗaya ba ta bambanta da abin da Iya ta ji ba. Na ga hannun Iya ya tsaya a kan gyaɗa.

Ta ce to a kira Ummi. Ta ce kafin ta taɓa wayar ta fara karanto Ayatul Kursiyyu da bakinta, in aljanin yana nan ai ba zai bari ba. Yarinya ta karanta tiryan-tiryan, ta ƙara da Falaƙi da Nasi ba a tambaye ta ba. Sannan ta karɓi waya. Da farko muryar ta ƙi fita. Na ce mata, yi yadda kike yi mini. Ta shaƙe murya ta yi tsohon. Wasu matan suka ja da baya. Ummi ba ta tsaya ba, ta juya ta yi yarinyar tasha, ta yi direban adaidaita, har ta ƙara da muryar da ba ta cikin littafin, ta Iya in tana kiran tumakinta. Nan fa dariya ta ƙwace wa mutane, har da masu salatin ɗazu.

Iya ba ta yi dariya ba. Ta kakkaɓe zaninta ta ce, to, aljani dai babu shi a jikin yarinya, na yarda. Kunya ce ta fita daga jikin uwarta, ita kuma ban san malamin da ke mayar da ita ba.

Aka sake kwashewa da dariya, wannan karon a kaina. Na sunkuyar da kai na karɓa. Da babansu ya dawo ta ce masa a fasa motar, yarinya ta koma makarantarta, amma kar ta sake jin muryar ƙato a ɗakin wake. Ranar Litinin takwararki ta saka kayan makaranta ta fita. Uwar ƙawarta ma ta sako 'yarta, tare suka tafi.

Ban fita a banza ba dai. Har yau in na gaida Iya da safe, lafiya kawai take cewa, ba ta ƙara komai. In na shiga gidan suna sai in ji ana ga mai 'ya nan, ku matsa mata. Wata dattijuwa ta tare ni a hanyar rijiya ta ce, uwarki ba haka ta yi ba. Wannan ce ta fi yi mini ciwo, don gaskiya ta faɗa. Shi ya sa na zauna rubuta miki. Ban san ko da kina raye za ki ɗaure mini fuska ba, ko kuwa a ranki za ki ce gara da na yi. Na kan saka ki a wajen in duba fuskarki, sai in ga kin sunkuyar da kai, ban iya gane ko fushi ne.

Abin da ya rage shi ne yarinyar ta daina karatun. An wanke ta, amma abin ya taɓa ta. Sabon kashi ya yi ta shigowa waya, in na miƙa mata sai ta ce tana da aikin makaranta. Ko hira ta rage. Sai na ga kamar na ceto mata makaranta amma an ƙwace mata wani abu, irin na mai adaidaitan nan, wanda ba a gane an rasa sai daga baya.

Shekaranjiya da hantsi tana wanki a bakin rijiya, ta ba ni baya. Na ɗauko waya na zauna a kan turmi, na buɗe inda muka tsaya, na fara karantawa da ƙarfi. Ina yi ina tuntuɓe, kalma ɗaya sai na maimaita ta. Da na iso wajen tsohon sai na shaƙe wuya na yi iya yina. Inna, abin da ya fito ko ɗan akuya mai mura ya fi shi. Na ga kafaɗunta suna rawa. Na yi kamar ban gani ba na ci gaba, har da ɗaga hannu.

Ta juyo ta ce, haba Umma, tsoho ne fa, tsoron sa ake ji, wannan ai sai a ba shi magani. Na ce to ni iyakar tawa ke nan, kuma sai na kai ƙarshe ko za a kwana. Ta tsaya tana kallona. Sai ta goge hannu a zani ta zo ta karɓe wayar, ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafata. A nan tsakar gida, da rana tsaka, ba turo ƙofa. Ta gyara murya ta fara.

Ban ji rabin abin da ta karanta ba. Kanta nake kallo, kitsonta ya tsufa. Na sa hannu na fara tsefe mata, abin da rabona da yi tun tana goye. Ba ta ɗago ba, tsohon aljani yana ta faɗa a tsakaninmu har aka kira azahar.

In abin da na yi laifi ne a wajenki, ki yafe mini Inna, ni kuma na daɗe da yafe miki abin da ma ba laifinki ba ne. Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya sa Aljanna ce makomarki, ke da Baba da duk Musulmin da suka riga mu. Allah Ya raya takwararki, Ya tsare ta daga sharrin mutum da aljan, Ya ba ta ilimi mai amfani. Ya sanyaya zuciyar Iya a kaina. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Ni ce 'yarki,
Maman Ummi.